Ranar da Na Auna Innarku

Da babbar sallar da ta wuce ina kishingiɗe a ɗaki, kun ɗauka barci nake, alhali kunnena yana tsakar gida wurin hirarku. Na ji Aminu yana cewa zai kawo leburori su fasa murhun nan na lungun kicin, a shimfiɗa tayil har bango, a kafa abin gas mai kai huɗu. Na ji Hadiza tana dariya, tana ba matar Aminu labarin da kuka saba bayarwa duk shekara. Wai Baba ya rufe shago wata guda yana gyara wa Inna kicin da hannunsa, ta dawo daga tafiya ko murmushi ba ta yi ba, ta ɗaure fuska mako uku, har sai da bawan Allah ya ɗauki guduma ya fasa aikinsa ya mayar mata da duwatsunta. Kuka ce mutanen da ke nan, ba sa son sauyi. Ban fito ba, don na san idan na buɗe baki a gaban suruka muryata ba za ta kai ƙarshen zancen ba. Shi ya sa na tsallake labarin yadda na koyi ɗinki, wanda shi ya kamata ya biyo baya a wannan littafi, na kawo wannan gaba. Ban san kwana nawa suka rage min ba, Aminu kuma tun yana yaro idan ya furta abu sai ya yi.

Rabin labarinku gaskiya ne. Ɗaya rabin ni na ɓoye muku bisa alkawari, wadda na yi wa alkawarin kuwa ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya ji ƙanta. Yanzu ci gaba da riƙe shi zalunci ne a kanta.

Za ku tuna tsohon madafin. Mahaifina ya gina shi da jar ƙasa lokacin da ya zo Jos aikin kuza ya samu wannan fili a Dilimi. Ɗaki ne gajere, ƙofarsa sai ka sunkuya, ga dokin ƙofa mai tudu wanda duk baƙo sai ya yi tuntuɓe da shi. Bango da rufi baƙi ƙirin, kunkunniya ta lulluɓe su har tana reto kamar gemun bunsuru. Randa a dama da shiga, itace a hagu, ƙusa guda a bango inda ake rataye ludayi, sai 'yar taga mai faɗin faranti da ke kallon lungu. A ƙurya kuma duwatsun murhu uku, waɗanda tsohona ya ɗauko a ka ɗaya bayan ɗaya daga bakin ramin kuza. Uwata ta yi girki a kansu har ta tsufa, ta bar wa Innarku, ita kuma ta ɗora tandar wainarta a kai. Wainar Hajara ba sai na yaba muku ita ba. A sanyin nan na Jos, da an sallame asuba lungunmu ya cika, mata da kwanoni a ƙofar madafi, direbobi da 'yan acaba a bakin taga suna hura tafin hannu. Ita kuma tana kan kujerarta 'yar tsugunno, tana zuba ƙullu, tana juyawa, tana amsa gaisuwa, tana tambayar mai jego da mai ciwon ƙafa, duk a lokaci guda. A shekarun da keken ɗinkina ya yi sanyi, wannan tandar ce ta riƙe gidan nan, ba na jin kunyar rubuta shi.

Shekarar da nake magana ita ce wadda wayar salula ta fara shiga aljihun talaka, kowace kwana ka ga mai lema da tebur ana bin layi a buga waya. Lokacin duk kun watse. Aminu yana tuƙi a Abuja, Hadiza tana ɗakinta a Kaduna, yayarku ta Bauchi, wadda har yau bakina bai saba da sunanta ba, tana can da mijinta. Gida ya rage daga ni sai Innarku. Sai na fara lura da idanunta kullum jajur, suna ruwa, tana yawan murza su da gefen mayafi. Na ce hayaƙin nan ne zai kashe min mata. Ana nan wata rana na kai wa wani ma'aikacin gwamnati ɗinkinsa har gida a unguwar masu hali, ya ce in zago ta baya don falo cike yake da baƙi. Na bi ta kicinsu. Fari tas, bango da ƙasa suna ƙyalli, ga kantar girki daidai ƙugu, matar gidan tana tsaye tana girki kamar mai guga, ko ɗigon hayaƙi babu. Na so in ce muku tausayin Innarku kaɗai ya biyo ni gida ran nan. Amma tunda gaskiya na zauna rubutawa, akwai kuma son a ce Garba tela ya yi wa matarsa abin da ba wanda ya taɓa yi a lungun.

Ban gaya mata ba, don ina son in ba ta mamaki. Dama ta samu da yayarku ta haifi na biyu, mijinta ya zo da mota ya ɗauki Innarku ta je ta zauna mata jego. Motar ba ta gama fita daga lungu ba na rufe shago na ɗauki cebur.

Ban iya gini ba, amma ina da Pam. Ƙananan jikokina ba su san shi ba, don haka bari in faɗa. Pam birkila ne, Birom, maƙwabcinmu ne na shekara da shekaru kafin garin nan ya rikice kowa ya koma inda nasa suka fi yawa. Ya tashi daga Dilimi, amma wainar Innarku ba ta bari ya yanke ƙafa ba, duk Asabar sai ya tsaya a bakin taga. Lokacin ciwon baya ya hana shi aiki. Na je na same shi na ce ya ara min kayan aikinsa, ni zan yi da hannuna, shi nasa baki kawai. Ya kawo cokalin gini da igiya da ma'aunin nan mai ɗigon ruwa a ciki, ya zauna kan bulo yana kallon madafin.

“Oga tela, madam ya san da wannan aiki?”

Na ce, “Idan ta sani ina mamakin yake?”

“Ka bari ya dawo tukuna. Kicin na shi ne, ba naka ba.”

Na ce masa shekara talatin ina zaune da matata, na san abin da take so. Ya ɗaga kafaɗa ya ce to, ya nuna min yadda ake kwaɓa siminti.

Aikin ya ci ni, ba na musu. Hannun da bai san komai ba sai allura da almakashi ya yi ƙulli-ƙulli da ruwa tun kwana na biyu. Na kankare kunkunniya har na koma kamar mai sayar da gawayi, na tafi masallaci liman bai gane ni ba sai da na yi sallama. Na cire tsohon rufi da safe, kafin la'asar hadari ya haɗo ta gabas aka sako ruwa da ƙanƙara a kan buhunan simintina, ina gudu da leda Pam yana ihu daga zaure. Sai ranar katako, wadda ita ma kun sani kuna min dariya da ita, kuma wannan kam na yafe muku. Na je kasuwar Katako na zaɓo falankai masu kyau na jera kaya, na auna gurbin kowane da tef ɗina na ɗinki, na ja layi da alli, na yanka da zarto a tsanake. Da na zo sakawa ko ɗaya bai shiga ba. Kowanne ya fi gurbinsa da inci guda a kowane gefe. Hannuna ne ya yi abin da ya saba, shekara arba'in ba na yanka yadi ban bar na kalmasa ba. Pam ya karɓi falanki ya juya shi, ya dube ni.

“Oga tela, katakon ma za ka kalmashe shi ne? Kawo keke mu gani.”

Ya yi dariya har ya riƙe bayansa. Na sake yanke su ina zagin kaina, ɗaya ya yi rara na jingine shi.

A hankali abu ya fara kyau. Na ɗaga ƙofa na faɗaɗa ta, na sare dokin ƙofar nan mai tuntuɓe ƙasa ta zama shafe. Na fasa 'yar tagar na yi babba da gilashin luba mai buɗewa jere-jere, haske ya cika ɗaki. Randa na mayar da ita waje, na ja famfo. Ƙusar bango na zare ta na jefa a gwangwanin maɓallaina, na kafa jerin maratayai masu ƙyalli a ɗaya bangon. Na gina kanta daidai ƙuguna, na lulluɓe ta da farin tayil, bango ma farin tayil zuwa kafaɗa, sama farin fenti. Na sayo kurfoti na gawayi da za a ɗora tanda a kai bisa kantar, na sayo fararen robobi na ƙullu maimakon tsohuwar baƙar tukunyarta. Duwatsun murhu kuwa, biyu na gangara su bayan gida wurin turken awaki. Na ukun, babban, mai faffaɗan kai, lokacin ina neman abin cike gindin kantar, sai na tura shi ciki na zuba masa siminti.

Ta dawo ran wata Laraba bayan azahar. Ban bari ta ko sha ruwa ba, na ce ta zo ta ga wani abu. Na wuce gaba na tsaya a tsakiyar kicin ina washe baki kamar yaron da ya ci jarrabawa. Ta zo bakin ƙofa ta sunkuyar da kai inda ba abin sunkuya wa, ta ɗaga ƙafa sama ta tsallake dokin ƙofar da babu shi, ƙafar ta sauka da ƙarfi har ta yi taga-taga. Na yi dariya na ce sabo ne. Ta tsaya cak, ta runtse ido, ta kare fuska da hannu.

“Malam, ina murhun?”

Na ce, “Wane murhu kuma? Kin huta da tsugunno, kin huta da hayaƙi. Dubi nan, dubi can.”

Ta sauke hannun daga fuska. Can ta ce, “An gode, Malam. Allah ya saka da alheri.” Ta juya ta koma ɗaki tana dafa bango.

Washegari ba waina. Mutane suka taru a lungu, ta aike ni in ce gajiyar hanya ce. Jibi ma haka, gata ma haka. Mako ya zagayo tanda tana kife. Abincinmu ma a tsakar gida take dafa shi a risho, kusa da ƙofar ɗakinta. Na tambaya, ta ce jikinta ne ba daɗi. Na sake tambaya, ta ce a bar ta ta huta. Ni kuma zuciya ta fara cin raina. Ina duba hannuwana da suka fashe, ina duba farin ɗakin nan da ba wanda ke shiga, ina tuna yadda na riƙa kiran maƙwabta su zo su gani. Ran nan da rana na kasa haƙuri na faɗa mata maganar da har yau idan na tuna sai na ji nauyin kaina. Na ce shekara talatin tana cikin hayaƙi kamar bandar kifi, na fitar da ita, da bare na yi wa wannan aiki da ya fi ta godiya. Na fita a fusace na nufi mai lema na buga wa Aminu waya, na zazzage masa duk abin da ke cikina. Aminu ya gaya wa Hadiza, Hadiza ta gaya wa ta Bauchi. To kun ji inda labarinku ya samo asali, daga bakina ya fito, a bakin titi, ina huci. Kwana biyu bayan haka Aminu ya sa aka kai wa Innarku waya ya yi mata faɗa, ya ce ta ji tsoron Allah ta daina wahalar da tsoho. Ta ce masa to, ta ji.

A mako na uku ne, wata safiya da hantsi, na isa shago na ga na manta almakashina a gida. Na dawo, ban yi sallama ba don har lokacin ina ɗaure da ita. Sai na ji motsi a kicin. Na matsa na tsaya daga gefen ƙofa ta ciki, ita tana tsakar ɗakin ta ba ni gefe. Ta hura gawayi a kurfoti ta ɗora tanda, ashe idan na fita gwadawa take. Na ga ta koma bakin ƙofa da baya, ta fara takowa tana ƙirge a hankali, ɗaya, biyu, uku. A na huɗu ƙugunta ya bugi kantar. Ta tsaya. Ta miƙa hannun dama tana shafa bango, sama, ƙasa, tana neman ƙusar da ke cikin gwangwanin maɓallaina. Ta lalubi robar ƙullu ta wuce ta, farar roba, farin ƙullu, a kan farin tayil. Hannun ya ci gaba da tafiya har ya sauka a gefen kurfoti. Ta fizge shi ta sa a baki. Sannan ta juyo. Fuskarta ta bi ta kaina, ina tsaye bai fi taku biyu ba, ta wuce ni kamar yadda ake wuce bango.

Na ce, “Hajara.”

Ta zabura har ta kusa kifar da tandar. Muka tsaya haka, gawayi yana ƙara. Na kama hannun da ya ƙone na kai ta bakin famfo na sakar masa ruwa.

“Tun yaushe?”

“Damina biyu ke nan. Ta gefen ido duhun ya fara. Yanzu abin da ke gabana kaɗai nake gani, shi ma kamar ta bakin kwalba.”

“Damina biyu kina waina a haka?”

“A tsohon ɗakin ba na bukatar ido, Malam. Taku huɗu daga ƙofa zuwa kujerata. Ƙusa tana dama, mai yana hagu, zafin wuta ina jin sa a ƙwaurina in san ko ta yi yawa. Ƙarar mai ke gaya min lokacin juyawa. Baƙin bangon nan da ka kankare, shi ke nuna min wuta, shi ke nuna min farin ƙullu. Yanzu ko'ina fari, da rana ta shigo ta tagar nan sai in ji kamar an watsa min madara a ido.”

Na zauna a ƙasa kan tayil ɗina mai sanyi. Na tambaye ta me ya sa ba ta gaya min ba, ni mijinta.

“Da na gaya maka me za ka yi? Za ka kira yaran nan. Ranar da suka sani, ranar za su karɓe ludayin daga hannuna, su zaunar da ni a ɗaki, a riƙa kawo min abinci a rufe kamar baƙuwa. Masu saye kuma su ce makauniya ke suya, wa ya san abin da ya faɗa cikin ƙullu. Ni ban gama ba, Malam. Hannuna lafiya lau yake.”

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ba kunyar maganar da na faɗa mata kaɗai ba. Ni Garba, wanda ko hakimi ya aiko da yadi ya ce a yi masa irin na bara sai na ce a'a, ya zo in sake auna shi, don jiki yana sauyawa. Na kori almajiran ɗinki fiye da ɗaya saboda sun yanka yadi da ka. Sai ga ni na auna bango, na auna ƙasa, na auna ƙuguna, na yanka wa mace ɗaki sukutum ban auna mai shi ba.

Ta sa na yi mata alkawari biyu: ba zan gaya muku ba, kuma ba zan hana ta tanda ba. Ni kuma na ce da sharaɗi, gobe mu je asibitin ido. Muka je. Likita ya ce ba hayaƙi ba ne, ruwan cikin idon ne ya yi ƙarfi ya danne jijiya, abin da ya tafi ya tafi, amma maganin ɗigawa zai iya riƙe sauran na wani lokaci. Ya tambaye ni me ya sa muka makara haka. Innarku ce ta amsa, ta ce masa laifinta ne.

Da muka dawo na ɗauko tef ɗina na rataya a wuya kamar yadda nake yi a shago. Na kawo kujerarta 'yar tsugunno, na ce ta nuna min inda take zama. Ta tsaya a ƙofa ta ƙirga takunta, na bi ta da alli. Inda ta tsaya ya faɗa daidai ƙarshen kantar, sai muka gwada a gefe. Ta zauna, na durƙusa gabanta. Na auna daga ƙasa zuwa gwiwarta, daga gwiwa zuwa inda hannunta ke tsayawa a iska idan tana zuba ƙullu. Na ce miƙa dama kamar za ki ɗauki ludayi, ta miƙa, na auna. Na ce miƙa hagu wurin mai, na auna. Ina aunawa ina rubutawa a bango bayan ƙofa da fensir, don littafin awona yana shago. Kun san ni ɗinkin maza nake, ko ɗankwali ban taɓa yi mata ba. Ina kan kafaɗarta da tef sai na ji tana dariya ƙasa-ƙasa, karo na farko tun dawowarta.

“Shekara talatin ina auren tela, sai yau aka auna ni. Ka bar min na kalmasa dai, Malam.”

Ashe labarin katako ya riga ya iso mata ta bakin mata. Na yi dariya, hawaye yana ɗiga a kan tef.

Na gangaro da duwatsu biyu daga turken awaki, ta shafa su ta ce wannan mai ɓallin kafaɗa na hagu ne, wancan na dama. Ta ce ina babban, na baya, wanda kunnen tanda ke zama a kai. Na ce zan samo mata wani, duwatsu ne suka yi yawa a Jos. Ta ce to, a samo. Na kawo uku daban-daban, kowanne ta ɗora tanda ta taɓa sai ta ce tana rawa, mai zai taru gefe guda. Ba ta ce in fasa kantar ba, ku rubuta wannan ku ajiye, ko sau ɗaya ba ta ce ba. Ni na wayi gari na ɗauki guduma. Na fasa rabin kantar, tayil ɗin da na jera ɗaya-ɗaya da igiya yana tarwatsewa, maƙwabta suna leƙe ta katanga suna cewa Garba tela ya taɓu. Na tono dutsen na kankare masa siminti da ƙusa da ruwa. Na mayar da tudun dokin ƙofa. Bangon lungun na shafe shi da baƙin fenti, na rufe rabin tagar da falankin nan da na taɓa yankewa ba daidai ba, na dawo da baƙar tukunyarta. Abu ɗaya na ƙara da ta yarda da shi, bututun kwano da ke jan hayaƙi sama. Daga ƙarshe na zazzage gwangwanin maɓallai na nemo ƙusar, na buga ta inda fensir ya ce.

Pam ya zo ranar da nake fasawa, ya tsaya a zaure yana jin ƙarar guduma. Da na fito ya ce, “Ka gani yanzu?”

Na ce, “Kai ka sani?”

“Tun bara. Idan na tsaya a taga ban yi magana ba, ba ya sani na. Sai na gaishe shi, sai ya miƙo waina wajen murya. Ba maganan bakina ba ne, shi ya sa na ce ka jira.”

Mutumin da ke zuwa sau ɗaya a mako ya gani, ni da nake kwana gida ɗaya da ita ban gani ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya, bayan asuba, na tsaya a tsakar gida da carbi a hannu ban ja ko ɗaya ba. Na ji takunta huɗu, na ji kujera ta yi ƙara, na ji ludayi ya bar ƙusa. Sai ƙullu ya sauka a mai, caaa. Kafin gari ya gama wayewa lungu ya cika, ana ta cewa Inna kin warke, Inna mun yi kewa. Shekara huɗu ta ƙara a kan wannan tanda, ni nake ɗiga mata magani safe da yamma, kuma ba wanda ya taɓa dawo da waina ya ce ta ƙone. Sai da hasken ya ɗauke gaba ɗaya ta ce in kira ku. Kuka zo kuna kuka, kuna cewa abin ya zo farat ɗaya, muka bar ku a haka. Kuma abin da ta ji tsoro shi kuka yi, cikin ƙauna, a ranar kuka kife tandar.

Abin da alkawarin ya ci mini shi ne wannan. Duk sallah ina zaune ana ba da labarin rashin godiyar Innarku, ana yaba haƙurina, ita tana gefe tana murmushi, ni ina haɗiye yabon da ban cancanta ba. Sau ɗaya na ce mata bari in faɗa musu, ta ce, “Bar su su yi dariyarsu, ai gara su ce na cika rigima da su ce abin tausayi ce.” Aminu, ba ta taɓa riƙe ka da wayar nan ba, ta ce ɗa mai kare ubansa ba a fushi da shi. Laifin nawa ne da na ba ka rabin zance.

Gidan nan naku ne bayan raina, kicin ma naku ne, matanku suna da haƙƙin girki a tsaye idan haka suke so. Ba zan hana ku fasawa ba. Abu ɗaya nake roƙo kafin leburori su shigo. Ku tura ƙofar kicin ku duba bayanta, awon yana nan da fensir, na shafa masa man katako don kada ya goge. Kujerar tana ƙarƙashin gadona. Kowannenku ya ɗauke ta ya ajiye a gaban duwatsun, ya koma bakin ƙofa, ya rufe idonsa, ya tako huɗu ya zauna. Sannan ya miƙa hannun dama. Ƙusar tana nan.